Tsirkiya Biyu Cikin Shida

A ƙasar Katsinar Maraɗi da ta Gobir, inda na tashi, kowane abin kiɗa yana da gidansu. Tambari da kakaki na fada ne. Kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta 'yan gayya, garaya ta maharba da 'yan bori. Yaron da aka haifa a gidan makaɗa ba zai iya gaya maka ranar da ya fara koyo ba, don tun yana goye ake kiɗa a kansa, kafin ya yi wayo an rataya masa kanzagi yana bin ubansa. Gita ce kawai ba ta da gida. Duk wanda ka gani da ita a yankinmu ɗan haye ne, ba shi da uban da zai riƙe masa yatsa, kuma akwai ranar da ya fara ɗaukarta bai san gabanta da bayanta ba. Tawa ranar ta faɗo a cikin 1994, a garin Agye.

Mutanen Nijar ba sa manta wannan shekara, don a watan Janairunta ne aka karya darajar sefa da rabi, aka wayi gari duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka kuɗi. Ina kwaleji a lokacin, ina zaune gidan wani aminin mahaifina, yadda yawancinmu 'yan ƙauye muke yi. Gidanmu manoma ne kaka da kakanni: gero, wake, gyaɗa, sai aya, wadda ita ce kuɗin ƙasar. Kiɗan da ke kunnenmu na rediyo ne. Da rana Muryar Sahel, da dare a murɗa a kamo Kaduna ko Katsina, a ji Shata da kalangansa, Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, Haruna Uji da gurmi. Gita kuwa sai a tele, in ana nuna gasar Ɗan Gurmu da aka soma a 1987, ko in an sa Sa'adu Bori na Maraɗi da mutanensa. Mukan tsaya bayan manya muna leƙe, mu ga mutum ya rataya wani abu mai sheƙi, hannunsa na hagu yana hawa da sauka. Ban taɓa kawowa a raina cewa koyon abin ake yi ba. Na ɗauka da shi ake haihuwar mutum, can a Yamai.

Sai aka kawo mana sabon malamin lissafi, mutumin Agadas, dogo, marar yawan magana. Mushe muke ce masa kamar kowane malami. Ya kama hayar ɗaki da zaure a bayan kasuwa, kuma a wancan zamani 'yan lakwal ne ke ɗebo wa malami ruwa. Ranar da layi ya zo kaina na shiga da garwa zan juye a randa, sai na hango ta jingine a lungu, an lulluɓa mata tsohon rawani. Ta katako ce, ba ta lantarki irin ta tele ba, gefenta ɗaya ya tsage an like. Daga ranar na karɓe ɗiban ruwan Mushe gaba ɗaya, abokaina suna ta murna sun samu wawa.

Lokacin tawayen arewa ne. Mutumin Agadas da ke aiki a kudu sai ya yi hattara da abin da ke tashi daga ɗakinsa, don kaset ɗin mawaƙi Abdalla Umbadugu a ɓoye ake miƙa shi, hannu da hannu. Saboda haka Mushe ba ya kiɗa sai bayan isha'i, ƙofa a rufe, a hankali. Na daɗe ina raɓewa a zaure ina saurare kafin in yi ƙarfin halin buɗe baki.

"Mushe, ko za ku bar ni in taɓa?"

Ya dube ni, ya dubi hannuna. "Je ka wanko hannu. Ka zo da reza."

Ya sa na yanke faratan hagu har naman yatsa ya fito, na dama ya ce in bar su. Sannan ya zaunar da ni kan tabarma ya ɗora mini ita a cinya. Na yi zaton abu mai irin wannan murya zai yi nauyi, sai na ji ta sakayau. Da na ja tsirkiya mai kauri kuwa, har a haƙarƙarina na ji ta. Ya kama yatsana na tsakiya ya ajiye a ɗaki na biyu, wato tsakanin 'yan ƙarafan nan da aka gitta a wuyanta, ya ce kada in hau kan ƙarfen, kada kuma in yi nisa da shi, dab da bayansa ake dannawa. Na danna iya ƙarfina, na ja. Abin da ya fito sai ka ce ƙudan zuma ya faɗa gwangwani.

Ni ɗan manomi ne, tafin hannuna duk kantar hauya ce, ina ganin ba wayar da za ta ba ni tsoro. Ashe kantar noma a tafi take, kan yatsa ɗanye ne sharaf. Tsirkiyar ƙarfe ta shata mini layi a kowane yatsa, washegari ko igiyar guga na kama sai na ji zugi har ka. Mushe ya ce maganin ɗaya ne, kaɗan-kaɗan kullum. In ka ƙure rana ɗaya yatsa ya yi bororo, ka huta mako guda, ka koma inda ka fara. In kana ɗan taɓawa kowace rana, kafin wata ya ƙare fata ta yi tauri. Ya kuma hana ni ɗaukarta da zarar na gama wanki ko ɗiban ruwa, don fatar da ta sha ruwa saurin yagewa take yi.

Inda muka sha wahala shi ne littafi. Mushe yana da wani tsohon littafin koyon gita na Faransanci, mai zanen akwatuna da ɗige-ɗige, kowane ɗigo yana nuna inda yatsa zai zauna. Mi minar da La minar sun zo mini da sauƙi, yatsa biyu ko uku ne. Do da Sol da ƙyar da jiɓin goshi. Sai muka iso Fa, inda ake so manuni ya kwanta ya danne tsirkiya shida gaba ɗaya, sauran yatsu kuma kowa ya nemi wurinsa. Gitar Mushe zafin rana ya riga ya lanƙwasa mata wuya, tsirkiyoyin sun yi sama da katakon, ko ƙato sai ya yi gumi kafin ya danne su. Watanni na yi a kan Fa, tun ana sanyi har aka shiga bazara. Waƙoƙin littafin kuma na yaran Faransa ne, ban taɓa jin ko ɗaya ba, don haka ko na yi daidai ko na kauce, kunnena ba shi da abin aunawa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, shi kansa Mushe ba ya kaɗa komai daga cikin littafin. In ya karɓe ta, babban yatsansa ya zauna kan tsirkiya mai kauri yana bugu ba fashi, manuninsa yana tsinkar ƙanana, ba Fa ba dalilinta. Na tambaye shi, ya ce shi a daji ya koya wurin 'yan'uwansa, ba bisa ƙa'ida ba, ni kuwa yana so in koya daidai. Malamin lakwal ne. A wurinsa abin da ba a rubuta ba bai kai a koyar da shi ba. Ina ganin girmansa har gobe, amma da littafin nan kaɗai na dogara, da tun bazarar nan na ajiye gita.

Abu ɗaya da ya koya mini wanda ya fi littafin duka shi ne ɗaurin tsirkiya. Daga mai kauri zuwa siririya sunayensu Mi, La, Re, Sol, Si, Mi. Ka danne mai kauri a ɗaki na biyar, ka ja ta, ka ja ta ƙasa da ita a sake, kana murɗa kunnenta har muryoyin biyu su zama ɗaya. Haka za ka bi su, sai ta Sol kaɗai ake dannewa a ɗaki na huɗu. Yakan sa in kara kunne jikin katakon. In muryoyi biyu sun kusa haɗuwa ba su haɗu ba, za ka ji suna rawa, wuw-wuw-wuw. Kana murɗawa rawar tana raguwa, tana jan jiki, har ta tsaya cik. Nan ne wurin. Kafin in iya kaɗa waƙa ko ɗaya na iya wannan, har ya zama Mushe na dawowa daga aji zai tarar na ɗaure masa ita. Matsalar sai in muna bin kaset: batir na raguwa, muryar mawaƙi tana yin ƙasa, kai kuma kana ta sassauta tsirkiya kana binsa, sai an sa sabon batir ka tarar kun rabu da nisa. Da biro muke mayar da kaset baya don tattalin batir.

Siririyar Mi ita ce mai tsinkewa. Ranar da ta tsinke a hannuna, ta tsarge ni a bayan hannu, na ji kamar in nutse. A Agye ba mai sayarwa. Sai an ba direba saƙo zuwa Maraɗi, kusan kilomita 80, in ba a samu ba a jira mai zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, ga kuɗin kuma ya ninka. Mushe bai ce uffan ba, ya aike ni wurin mai gyaran keke in karɓo tsohuwar wayar birki. Muka warware ta sili-sili, muka zaɓi wanda bai yi tsatsa ba, muka ƙulla masa ɗan goron ƙarfe a gindi ya riƙe. Muryarsa a shaƙe take, amma yana magana. Shekaru da yawa bayan haka na ji labarin Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa da yanzu ke zaga duniya, cewa gitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayar birkin keke. Ban yi mamaki ba ko kaɗan. Masu gyaran keke na ƙasar nan sun taimaki kiɗa fiye da yadda suka sani.

Da babban hutu ya zo Mushe zai tafi gida. A lokacin hanyar Agadas sai da rakiyar soja, kaya kuma ana bincike, ya ga bai dace ya ɗauke ta ba, sai ya bar mini ajiya. Na cusa ta a buhu na hau amalanke zuwa ƙauye. Mahaifina yana zaune ƙofar gida yana gyaran ƙotar hauya, ya ga wuyanta ya leƙo.

"Wanga abu na wane ne?"

"Na Mushe ne, Baba. Ajiya ya ba ni."

"To, ajiya ba a kaɗa ta."

Da dare ya kira ni ya yi mini magana a natse. Ya ce gidanmu ba a taɓa roƙo ba, ba kuwa za a fara a kaina ba. Ya ce duk abin da ke da tsirkiya ƙanen goge ne, shi kuwa ya san inda goge ke kai mutum. Ba zan ce bai da hujja ba. Mahaifiyata 'yar Tsibiri ce, garin Sarkin Gobir, inda mai sarautar Inna ke riƙe da sha'anin bori, kuma kowa ya san goge da garaya ake kaɗa wa masu hawa. A wajen tasha kuma goge na gidan magajiya ne. Mutumin da ya tashi yana ganin haka, ka zo masa da abu mai tsirkiya har shida, dole ya ɗaga gira. Mahaifiyata ce ta shiga tsakani, aka yanka mini sharaɗi: ba a cikin gida ba, ba lokacin salla ba, ba kafin a tashi daga gona ba, kuma ranar da ya ji na karɓi ko dala ɗaya a hannun wani saboda kiɗa, ranar zai sa ta a murhu. Sharaɗin ƙarshen nan har yau ban karya shi ba, ko da yake mai shi ya daɗe da rasuwa.

Bayan an gama maimai aka aike ni Gazawa in taya gwaggona aiki. A lokacin Gazawa tana ƙarƙashin Agye, sai a 2011 ta samu nata yankin. Can na haɗu da malamina na biyu, wanda bai taɓa riƙe gita ba sai a hannuna. Wani tsoho ne mai gurmi da ke bin kasuwanni, daga Cadawa zuwa Agye zuwa Gazawa har Tasawa, yana kwana a zauren maƙwabcin gwaggo in ya sauka. Ya same ni bayan gari gindin gawo ina kokawa da Fa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Ɗan lakwal, faɗa kake da ita ko kiɗa?"

"Koyo nake, Baba."

"Mi take cewa?"

Na rasa amsa. Na ce masa wannan akor ne, sunansa Fa. Ya ce bai tambaye ni sunansa ba, cewa ya yi me take faɗi. Ya zauna, ya ciro gurminsa daga jaka, ɗan ƙoƙo da fata da sanda, tsirkiya biyu, ba ƙarfe ko ɗaya a wuyansa. Ya kaɗa wani ɗan gajeren abu ya ce in faɗa masa me ya ce. Wallahi na ji shi sarai, gaisuwa ce ya yi mini, har da tambayar mutanen gida. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kowace kalma da karinta, shi ya sa ɗan dambe ke jin takensa a kalangu tun daga nesa ya zabura. Wannan na san shi tun ina yaro. Ban dai taɓa tunanin ya shafi gita ba, don a ganina ita Nasara ce, ba ta jin Hausa.

Ya ce in rera masa waƙar gaɗa, kowace iri, wadda 'yan matan ƙauyenmu ke yi a dandali. Na ji kunya, ƙato da ni, amma na rera. Ya ce in sake, in rage sauri. Sannan ya ɗora yatsansa kan tsirkiya ta uku daga ƙasa ya ce, "Biɗo ta nan. Sauran ka manta da su." Na yi ta lalube, in danna nan in ji ta yi sama, in ja baya in ji ta yi ƙasa, bakina yana rerawa, yatsana yana bi. In na yi shiru don in mai da hankali kan hannu sai ya buge ni a gwiwa: "Abin da bakinka bai faɗa ba, hannunka ba shi faɗinai." Kafin la'asar ta yi sanyi layin farko ya fito. Da tsamin murya, da tuntuɓe, amma ya fito, har wata yarinya mai tallan gyaɗa da ke wucewa ta karɓa ba tare da kowa ya ce mata komai ba. Duk watannin da na yi ina bin littafi ba wanda ya taɓa gane abin da nake kaɗawa, ni kaina ma ban gane ba.

Da na ƙirga wuraren da yatsana ke taka sai na ga biyar ne kacal, in ka wuce su sai ka sake tarar da na farko da siririyar murya. Waƙa ta biyu ma biyar ɗin ne, ta uku ma haka. Yawancin waƙoƙinmu a kan muryoyi biyar suke tafiya, shi kuwa littafin Mushe a kan bakwai aka gina shi, shi ya sa yake ta ɗora mini kayan da ban da buƙata a lokacin.

A zuwansa na gaba ya ba ni tsirkiya ta biyu. Ya zaɓi ɗaya daga masu kauri ya ce ita ce uwa: babban yatsa ya riƙa bugunta a sake, ba tsayawa, ba sauri, ko ƙasa da sama za su haɗu. Manuni kuma shi ne ɗa, shi ke magana. Wannan ya fi komai wuya, don da zarar ɗa ya buɗe baki sai uwa ta tsaya ta saurara. Ya sa na ajiye gitar, in riƙa buga cinya da babban yatsa ina rera waƙa, ina tafiya ina yi, ina kan jaki ina yi, har gwaggo ta fara tambaya ko lafiya. A wurinsa hannun dama shi ne makaɗi, na hagu ɗan aike ne. Littafi kuwa shafi bayan shafi hannun hagu yake zanawa. Shi ma tsohon yana da ƙorafinsa a kan gita. Ya ce ƙarafan wuyanta sun yi mata shinge, akwai muryar da ke tsakanin ɗaki da ɗaki wadda gurmi ke samu ita ba ta samu. Da ya gwada da kansa sai ya gano in ka danne tsirkiya ka ɗan tura ta gefe, muryar tana ɗagawa ta kai wurin. Ya yi dariya ya ce ashe tana jin magana in an matsa mata. Ladansa goro ne, wani lokaci gwaggo ta aiko masa da fura. Ya kuma gyara mini jakin gitar: ya zare ɗan farin ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa kai, ya goga gindinsa a dutse, ya mayar. Tsirkiyoyin suka sauko kusa da katako. Fa ɗin da ta gagare ni, bayan wannan gyara ba ta ƙara wani daɗewa ba.

Da aka koma lakwal na kai wa Mushe ajiyarsa, na zauna na kaɗa masa waƙar gaɗar. Ya saurara har na gama, ya karɓa, ya kaɗa wata ta Buzaye, sai ga shi uwa ɗaya ce, muryoyi biyar ɗin ne, tafiyar ce kawai ta bambanta. Ranar ya ba ni labarin Ali Farka Ture na Mali, wanda ya fara da 'yar molo mai tsirkiya ɗaya da ƙaramin goge kafin ya taɓa gita, ya kwashe kiɗansu ya zuba mata. A 1994 ɗin nan ne faifansa da Ba'amurke Ry Cooder ya fito, wanda ya ci kyautar Grammy. Littafin Faransanci bai sake fitowa daga akwati ba sai in muna neman sunan wani akor.

Ranar 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya, kaset ɗin da ake ɓoyewa suka fito fili, Mushe ya fara kiɗa a zaure ƙofa a buɗe. Ba a daɗe ba aka mai da shi gida. Ya ce zai sayi wata a can, ya sayar mini da wannan a kan kuɗin ayar da na noma a gayaunata, wanda ko rabin kuɗinta bai kai ba.

Na zama malamin lakwal ni ma, aka tura ni wani ƙauye a yankin Gidan Rumji. Ina can a watan Nuwamban 2000 lokacin da zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi, aka ƙona mashaya, aka far wa gidajen mata masu zaman kansu. Ba wanda ya zo ƙauyenmu, ba wanda ya ce mini komai, amma na naɗe gitar na tura ƙarƙashin gado, ta yi hunturu guda a can. Da na ciro ta iskar ta busar da katakon, tsohuwar tsagar ta buɗe har yatsa na shiga. Wani kafinta a Gidan Rumji, wanda aikinsa gadaje da kujeru, ya like ta, ya ɗaure da robar tayar keke ta kwana biyu. Tun daga nan in sanyi ya kama nakan sassauta tsirkiyoyi in ba kiɗa zan yi ba, in rufe ta da zane. Da damina kuma in goge su da tsumma mai ɗan man keken ɗinki saboda tsatsa. Maganar halacci kuwa ta malamai ce, sun yi saɓani a kai tun ba yau ba, ni ba a nan ƙarfina yake ba. Na dai lura limamin ƙauyen, wanda ba ya zama inda nake kiɗa, bai taɓa fasa aiko mini da 'ya'yansa aji ba.

Sa'adu Bori ya rasu a haɗarin mota a 2008. A shekarar ne kuma Mdou Moctar ya je Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, waƙoƙin suka riƙa tsalle daga salula zuwa salula ba tare da sun bi ta wani gidan rediyo ba. Daga nan abubuwa suka sake. Bombino na Agadas ya kai ga shiga takarar Grammy. Fatu Saidi Gali ta Illighadad, 'yar ƙauye da ta koya a gitar yayanta, ta kai kiɗanta Turai da Amurka. Yaran da ke zuwa wurina yanzu, daga fadojin samari na Gidan Rumji da Tsibiri, suna da abin da ban taɓa mafarki ba: waya mai nuna musu ko tsirkiya ta ɗauru, da malamai a YouTube ba iyaka. Amma makarantar kiɗa da ake ji da ita, cibiyar Elhaji Taya, tana Yamai, fiye da kilomita 600 daga nan, malaman cikin waya kuma yawancinsu jikokin littafin Mushe ne. Do, Sol, La minar, sai Fa, a kan waƙar da yaro bai san ma'anarta ba. Da yawa a nan suke tsayawa, su ce ba su da baiwa. Ni kuwa in yaro ya zo, nakan karɓe wayar in kife ta, in koya masa ɗauri da kunne, sannan in ce ya rera mini abin da kakarsa ke rerawa in tana daka. Wasu kan ji haushi, don abin da suka zo nema shi ne su yi gudu a wuyan gita irin na 'yan Agadas. Nakan ce musu 'yan Agadas ɗin ma da kiɗan tande na iyayensu mata suka fara.

Kai da ke shirin shiga mota zuwa Maraɗi don sayen ta farko, kada fenti ya ruɗe ka. Ɗaga ta ka saita ido daga kai zuwa gindi, ka ga ko wuyan a miƙe yake. Ka je ɗaki na goma sha biyu ka zura tsabar dala ashirin guda biyu, ɗaya kan ɗaya, tsakanin ƙarfe da tsirkiya mai kauri. In sun shige a sake, ajiye ta ka nemi wata, ko ka rage kuɗin gyaran jaki a cikin ciniki. Ka murɗa kunnuwan duka shida ka tabbata ba wanda ke sulɓewa. Kuma kada ka baro kasuwar sai da siririyar Mi guda biyu a aljihu, don ita ce za ta fara tsinkewa, kuɗin motar komawa kuwa ya fi kuɗinta.